Tsara Aikin Wutar Lantarki a Sabon Gini da Gidan da Ake Gyarawa

Tsara aikin lantarki shi ne matakin da ake tantance yawan wutar da gida zai ja, layukan da za a raba ta, kaurin wayar kowane layi, hanyar da wayoyi za su bi cikin bango, da na'urorin da za su katse wuta idan matsala ta taso. A takarda ake yin sa, kafin a zuba dekin ko a yi filasta, domin bututun waya na cikin abubuwan da siminti ke rufewa. Soket ɗin da aka manta yau, gobe sai an fasa bango kafin a samar da shi.

Kowace ƙasa da dokarta, amma yawancin dokokin sun samo asali daga tushe kaɗan: ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60364, da BS 7671 ta Birtaniya wadda bugunta na 18 ya fito a 2018, da NEC ta Amurka wadda aka fara bugawa a 1897 kuma ake sabuntawa duk bayan shekara uku. Alƙaluman da ke ƙasa na tsarin bolt 230 ne, wanda ake amfani da shi a Turai da galibin Afirka da Asiya. Arewacin Amurka na amfani da bolt 120, kuma ma'aunin wayarsu daban ne.

Lissafin lodi

Aikin yana farawa da rubuta duk abin da zai ci wuta, ɗaki bayan ɗaki, har da wanda ba a saya ba tukuna amma ana da niyya. Idan aka raba wat da bolt sai a sami amfiya. Hitar ruwa mai wat 3,000 tana jan amfiya 13, kukar lantarki mai wat 7,000 kuwa kusan amfiya 30. Ƙwan LED mai wat 10 bai kai a yi maganarsa ba. Kayan da ke ɗumamawa da masu mota a ciki (wato inji mai juyawa da lantarki), irin su esi da injin jan ruwa, su ne ke yanke hukuncin girman aikin. Mota tana jan ninkin wutarta sau da yawa a daƙiƙar da take tashi, shi ya sa a kan ba ta bireka (na'urar da ke katse wuta idan an ja fiye da ƙima) nau'in C, wadda ke jure wannan fizgar, maimakon nau'in B.

Ba a tara jimillar kai tsaye, tunda ba a kunna komai lokaci guda. Ƙa'idoji sun ba da damar rage wani kaso. Abin da ya rage shi ake gwadawa da ƙarfin da kamfanin wuta ya ba gidan. Layi guda mai amfiya 60 yana ɗaukar kilowat 13.8. Idan lodi ya zarce haka, sai a nemi ƙari ko a koma layi uku mai bolt 400, a raba lodin daidai a tsakaninsu.

Waya da bireka

A nan ne aka fi yin kuskure. Bireka waya take karewa, ba kayan da aka jona ba. Don haka dole girmanta ya kai abin da layin ke ja, kuma kada ya wuce abin da wayar za ta iya ɗauka. Wanda birekarsa ke yawan faɗuwa ya cire ta ya sa babba, bai gyara komai ba. Ya mai da wayar cikin bango fis ne kawai, kuma robarta ce za ta fara narkewa.

A tsarin da aka saba, fitilu na samun wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5 mm² da bireka mai amfiya 6 ko 10. Soket na samun 2.5 mm² da amfiya 16 ko 20. Kuka na buƙatar 6 mm² da amfiya 32, wani lokaci 10 mm². Esi, hitar ruwa, injin wanki da injin jan ruwa, kowanne a ba shi layinsa shi kaɗai. Firji ma ya cancanci haka, don kada matsalar wani soket ta kashe shi ba a sani ba.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai, domin zafi yana rage ƙarfin waya. Teburan ƙa'ida sun ɗauka cewa zafin wurin digiri 30 ne. Wayar 2.5 mm² mai robar PVC a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 24. Idan zafin wurin ya kai digiri 40, kamar yadda ake samu a cikin silin, sai a ninka da 0.87, ta koma kusan 21. Idan kuma layuka uku ne aka cusa a bututu ɗaya, sai a sake ninkawa da 0.70, ta sauko ƙasa da 15. A wannan hali bireka mai amfiya 20 ba ta kare ta. Mafita ita ce a ƙara kauri ko a raba bututu.

Nisa ma yana cin wuta. BS 7671 ta yarda bolt ya ragu da kashi 3 cikin ɗari a layin fitilu da kashi 5 a sauran, wato bolt 11.5 a tsarin 230. Wayar 2.5 mm² tana rasa milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita. Amfiya 20 a nisan mita 30 na cin bolt 10.8, ya shige da ƙyar. A mita 40 ya zama 14.4, sai an koma 4 mm². Injin rijiya da ɗakunan bayan gida su suka fi faɗawa wannan matsala. Akwai kuma jabun waya, mai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe ko wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Irinta tana rusa duk lissafin da aka yi.

Hanyar waya da wurin soket

Waya a bango tana tafiya miƙe, tsaye ko kwance daga soket ko makunni, ko cikin milimita 150 daga saman bango ko kusurwa. Ba a ratsa ta a karkace don tsimin mita biyu, saboda mai buga ƙusa daga baya da wurin soket yake gane inda waya take. Tsagar da ake yi a bango kada ta wuce sulusin kaurinsa idan tsaye ce, ko kashi ɗaya cikin shida idan kwance ce. Ginshiƙi da bim ba a tsaga su sam. Bututun milimita 20 ko 25 shi aka fi amfani da shi, ba a cika shi maƙil, kuma ba a yin kwana fiye da biyu tsakanin akwati da akwati, in ba haka ba jan waya zai kankare robarta. Wayar intanet da ta talabijin su bi nasu bututun.

Game da soket, a sa fiye da yadda ake zato. Gidan da soket ya yi wa kaɗan yana ƙarewa da doguwar waya mai baki huɗu a ƙarƙashin kafet. A zana wurin gado da kujeru da inda ƙofa ke buɗewa tukuna, don kada makunni ya faɗa bayan ƙofa. Kicin ya fi kowane ɗaki buƙata. A banɗaki kuwa, duk abin da ke kusa da shawa dole ya zama mai jure fantsamar ruwa, matakin IPX4 ko sama.

Wayar ƙasa da kariya daga jan wuta

Bireka ta yau da kullum ba ta ceton rai. Wutar da ke iya tsayar da zuciya ba ta kai amfiya ɗaya ba, bireka mai amfiya 20 ba za ta ma ji ta ba. Aikin na'urar RCD ke nan: tana gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo, idan bambancin ya kai miliamfiya 30 sai ta katse nan take. Gara a raba gida tsakanin RCD biyu ko fiye, ko a sa RCBO, wato bireka da RCD a haɗe, a kowane layi, don kada matsala ɗaya ta jefa gidan duka cikin duhu. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, dole ta isa kowane soket da kowane jikin ƙarfe. Inda ake dogara da sandar da aka kafa a ƙasa, ana so awon tirjiyarta ga wuta ya kasance ƙasa da om 200, kuma yana ƙaruwa idan ƙasa ta bushe.

A bar gurbi kamar kashi ɗaya cikin huɗu a akwatin rarraba wuta. Idan za a sa janareta ko sola da inbata, a ware layukan da za su ɗauka tun a zane, a kuma sa makunnin sauya layi wanda ba zai taɓa haɗa su da wutar kamfani ba. Janaretan da aka jona ta soket yana mayar da wuta kan layin waje, inda zai iya kashe ma'aikacin da ke gyara.

Tsohon gida

Gyara ya fi sabon gini wuya, domin ba a san abin da ke cikin bango ba sai an auna. Alamun da ke nuna a sake wayarin gaba ɗaya sun haɗa da tsohuwar robar da ke marmashewa, soket marasa wayar ƙasa, fis ɗin da aka ɗaure da waya, da tabon ƙuna a bakin soket. Launi ma na ruɗarwa: a tsohon tsarin Birtaniya ja ce mai wuta, baƙa nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), a sabon kuwa ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural. Haɗa alminiyam da jan ƙarfe ba tare da mahaɗi na musamman ba yana sa wurin ya saki ya yi zafi. Kafin a taɓa kowace waya a kashe layin, a kulle, a gwada da na'urar awo.

Gwaji

Aiki kashi biyu ne: bututu da akwatuna kafin filasta, sannan soket da fitilu bayan fenti. Tsakanin biyun a ɗauki hoton kowane bango. Kafin a saki wuta, ƙwararre mai lasisi zai auna cewa wayar ƙasa ba ta yanke a ko'ina ba, ya gwada robar waya da bolt 500 inda ake neman aƙalla megaom 1, ya tabbatar makunni da bireka suna kan waya mai wuta ba nutural ba. Bayan an saki wuta ya auna saurin katsewar RCD. A rubuta sunan kowane layi a jikin akwatin, a ajiye zanen da takardar gwajin tare da takardun gida.