Kwandalar senti biyar mai azurfa ta zamanin yaƙi a Amurka

Kwandalar senti biyar mai azurfa kuɗi ne da Amurka ta buga daga 1942 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin nan, ana haɗa ta da jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25. Da buƙatar nikel ta taso a masana'antun makamai, sai majalisar dokokin ƙasar ta amince a watan Maris na 1942 a sauya haɗin. Sabon haɗin ya zama jan ƙarfe kashi 56, azurfa 35, manganis 9. An sa manganis ne don injunan sayar da kaya su ci gaba da karɓar ta.

Zanen bai canza ba: Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, a gaba, gidansa Monticello a baya, aikin Felix Schlag na 1938. Abin da ke tona asirinta babban harafi ne a saman ƙubbar gidan, mai nuna garin da aka buga ta: P na Filadelfiya, D na Denba, ko S na San Faransisko. Nan ne karon farko da harafin P ya bayyana a kuɗin Amurka. Sai dai a yi hattara da 1942, domin duk ta Denba ta wannan shekara tsohon haɗi ce, Filadelfiya kuma ta buga iri biyun.

Nauyinta giram 5, azurfar ciki giram 1.75. Wadda ta sha hannu ta goge, farashinta na bin kasuwar azurfa ne kawai, don an buga ta da yawa. Ta 1943 mai P kaɗai ta haura miliyan 270. Masu tara tsofaffin kwandaloli sun fi neman wadda ba ta taɓa yawo ba, musamman idan matakalar ƙofar Monticello ta fito tsaf, layi-layi. Ana kuma farautar wadda lambar 3 ta hau kan 2 a rubutun shekarar 1943 da ke jikinta. Kamfanoni irin su PCGS da NGC ke tantance daraja a ma'aunin 1 zuwa 70.

Manganis na sa ta duhu, har ta yi toka-toka mai kore. Goge ta kuskure ne, yana karya mata daraja. Akwai kuma jabu sananne: masu shekarar 1944 da babu harafi a saman ƙubba, waɗanda Francis Henning ya ƙera a New Jersey a shekarun 1950. Yau su ma har neman su ake yi.