Motar taka ce, sabis ɗin na haya ne: tambayoyi da amsoshi kan kuɗin wata na motocin zamani

Da yawa daga motocin da ake shigo da su yanzu, musamman ƙirar 2018 zuwa sama, suna zuwa da layin waya a jikinsu. Dillalai a Zariya sun riga sun sa wannan cikin bakin talla: "Alhaji, wannan ai da waya ma ake tayar da ita." Abin da ba a cika ƙarasa faɗa ba shi ne, kamfanin da ya ƙera motar na ɗan lokaci yake ba da wannan kyauta, in wa'adin ya cika sai biya. Ga tambayoyin da masu saye suka fi yi a kai.

Wai me ake nufi da mota mai haɗi da intanet?

Akwai wata 'yar na'ura da ake ɓoyewa a cikin motar, yawanci bayan dashbod, mai ɗauke da layin waya nata na kanta. Ba irin sim ɗin da za ka zare da allura ba ne, a manne yake. Ta wannan layin motar ke magana da kwamfutocin kamfanin, su kuma su yi magana da manhajar da ke wayarka. In ka danna "tayar da mota" a waya, saƙon ba kai tsaye yake zuwa motar ba, sai ya je kamfanin ya dawo. Da haka ake kulle ƙofa daga nesa, a ga inda aka ajiye motar, a san yawan man da ya rage, motar kuma ta kira agaji da kanta in jakar iska ta fashe a hatsari.

Abin ba sabo ba ne. General Motors ya fara OnStar tun 1996. Yau kowa da nasa sunan: Toyota na da Safety Connect da Remote Connect, Lexus na da Enform, Hyundai na da Bluelink, Honda na da HondaLink.

In wa'adin kyautar ya ƙare, motar za ta tsaya ne?

A'a. Inji, giya, birki, jakar iska, esi, kyamarar baya, duk ba ruwansu da biyan kuɗin wata. Abin da ke yankewa shi ne wanda sai ya bi ta kwamfutar kamfani. Kamar dikoda ce: tauraron da ke kan rufi naka ne, akwatin naka ne, amma ranar da kuɗi ya ƙare tashoshin sai su ɗauke.

Nawa ake biya, kuma kyautar ta tsawon wane lokaci ce?

Ya danganta da kamfani, da shekarar ƙira, da ƙasar da aka sayar da motar. Wasu wata ɗaya suke bayarwa, wasu shekara, wasu uku. Toyota ta kai ɓangaren kiran agaji har shekara 10 a wasu sababbin motocinta na Amurka. A farashi kuwa, a 2021 Remote Connect na Toyota dala 8 ne a wata ko dala 80 a shekara, Tesla kuma na karɓar dala 9.99 a wata kan abin da take kira Premium Connectivity.

Ga mai karɓar albashi da dala wannan kuɗin shayi ne. A nan kuwa, ka ɗauki dala 10 a wata, ka lissafa dala a kan naira 1,500: naira 180,000 ke nan a shekara, don kawai ka tayar da mota kana kwance a ɗaki. Sannan lissafin wa'adin kyauta yakan fara ne daga ranar da mai motar na farko ya saya. Motar da ta yi shekara biyar a hannun wani a can, ta bi gwanjo, ta hau jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, kyautarta an cinye ta tun kafin ta ga Kwangila a Zariya.

Na biya kuɗin mota cif. Da wane dalili za a sake karɓar kuɗina?

A nan ne gardamar take, kuma a ganina gida biyu ce, bai kamata a cuɗa su ba.

Akwai hidimar da kamfani ke ci gaba da kashe mata kuɗi kullum. Layin da ke cikin motar ana biyan kamfanin sadarwa kuɗinsa. Akwai ma'aikatan da ke zaune dare da rana suna jiran kiran wanda ya yi hatsari. Akwai kwamfutoci da ake kula da su. In an ce ka biya wannan, babu zalunci a ciki, in ba ka so ka bari.

Amma akwai kayan da an riga an sa su a motar tun a masana'anta, kuɗinsu na cikin farashin da ka biya, sai a kulle su a ce ka riƙa biya kafin a buɗe maka. A 2022 BMW ta yi haka da kujeru masu ɗumama jiki: wayoyin ɗumamawar suna nan cikin kujerar, amma a wasu ƙasashe sai ka biya kimanin dala 18 a wata. Mutane suka yi ca, a 2023 ta janye. Kafin nan ma ta taɓa sa dala 80 a shekara kan Apple CarPlay, tsarin da ke nuna manhajojin iPhone a allon mota, ta janye a ƙarshen 2019. Mercedes a 2022 ta fito da dala 1,200 a shekara don a ƙara wa wasu motocinta na lantarki ƙarfin gudu, ƙarfin da dama yana nan cikin motar. Ta Toyota ma ta tayar da ƙura a ƙarshen 2021, lokacin da aka gano cewa a wasu motocinta na 2018 zuwa sama, tayar da mota da rimot ɗin makulli an ɗaure shi da biyan Remote Connect, alhali rimot kai tsaye yake magana da motar, ba ya bi ta intanet. Kamfanin ya ce zai sake duba lamarin. Wannan kashi na biyu ban ga hujjarsa ba. Wanda ya sayi Peugeot 504 daga masana'antar Kaduna a shekarun baya, duk abin da ke cikinta nasa ne har ranar da ya sayar.

Dalilin kamfanonin a fili yake, ba su ma ɓoye ba. Mota sau ɗaya ake sayar da ita, kuɗin wata kuwa ba ya yankewa. A 2021 General Motors ya shaida wa masu hannun jari cewa yana sa ran samun dala biliyan 20 zuwa 25 a shekara daga manhaja da irin waɗannan hidimomi nan da 2030. Stellantis, uwar kamfanin Peugeot, ta ce Yuro biliyan 20 take hange.

Tawa tokumbo ce daga Amurka. In na yarda zan biya, zai yi aiki a Zariya?

Mafi yawan lokuta ba zai yi ba, kuma wannan ita ce maganar da ta fi shafar mu. Layin da ke cikin motar na kamfanin sadarwar can ne, irin su AT&T ko Verizon, yarjejeniyar kuma ta yankin da aka sayar da motar ce. Da ta sauka tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas, layin ya zama baƙon da babu mai karɓarsa. Hasumiyar MTN ko Airtel da ke Samaru ba ta san shi ba. Ita ma manhajar sau da yawa sai da adireshi da lambar wayar can take yarda a yi rajista.

Akwai kuma waɗanda ko a Amurkar sun mutu. A 2022 kamfanonin sadarwar can suka rufe 3G: AT&T a watan Fabrairu, Verizon a ƙarshen Disamba. Motoci masu yawa na tsakanin 2010 da 2017 na'urarsu 3G kawai ta sani, ciki har da na Toyota da Lexus, wato dai irin waɗanda suka cika titunanmu. Waɗannan ko za ka biya ninki goma babu inda saƙon zai bi.

Rediyon SiriusXM da za ka ga alamarsa a allon motar ma haka: tauraronsa Arewacin Amurka yake haskawa. Saboda haka in dillali ya ɗora maka wani abu a kan farashi don "tana da intanet", ka ce ya tayar da ita da wayarsa a gabanka, yana tsaye nesa, makullin kuma na hannunka. In ta tashi, sai a yi maganar ƙari.

Maɓallin SOS da ke sama kusa da madubi fa?

Kada ka dogara da shi. A Turai doka ta wajabta wa sababbin ƙirar motoci tun 2018 su riƙa kiran lambar gaggawa ta 112 da kansu in an yi hatsari, kyauta, amma tsarin ƙasashensu ne. A motar Amurka kuma maɓallin ofishin kamfani yake kira. A hanyar Zariya zuwa Kaduna ko Kano, abin da zai amfane ka shi ne wayarka da caji, da 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, da 112 da kai za ka kira da wayarka, don ita ce lambar gaggawa a Najeriya ma.

To taswira da kiɗa da kiran waya a allon motar?

Duk abin da ke jingina da wayarka yana nan daram. Bluetooth, Apple CarPlay da Android Auto da wayarka da datarta suke aiki, ba da layin motar ba. Taswirar da ta zo da motar ce matsala: siginar GPS kyauta ce a ko'ina a duniya, amma taswirar da aka loda ta can ce, sai ka ga 'yar kibiya na yawo a fili fetal, babu Kofar Doka babu PZ. Ka jona waya ka buɗe Google Maps, magana ta ƙare.

Mai wayarin ya ce zai iya buɗe min abin da aka kulle. In ba shi?

Ka tambaye shi me zai yi takamaimai. In rimot na tayar da mota zai sa maka daban, wannan sananne ne, ana yi, ba ya buƙatar kuɗin wata. In kuwa cewa ya yi zai sa manhajar kamfanin ta yi aiki, ba a hannunsa take ba, domin makullin na wajen kamfanin ne. Sannan wayoyin motocin nan duk a hanya ɗaya suke tafiya zuwa ƙwaƙwalwar motar. A yanke wadda ba ita ba, sai fitilun dashbod su kama gaba ɗaya, ko batir ya riƙa kwana yana zuƙewa. Wani abin kuma: na'urar da ke ta neman sabis ba ta samu ba tana cikin abubuwan da ya kamata a duba in batir na yawan mutuwa ba dalili, amma a bar wanda ke da kwamfutar gwaji ya tabbatar kafin a cire komai.

Ana iya bibiyata da wannan na'urar?

Inda layin ke aiki, ƙwarai kuwa. A 2023 gidauniyar Mozilla ta binciki kamfanonin mota 25, babu ko ɗaya da ya tsallake ma'auninta na kare sirrin mutane. A 2024 jaridar New York Times ta fallasa cewa General Motors na miƙa bayanan tuƙin mutane, irin su taka birki da ƙarfi da yawan gudu, ga kamfanonin da ke sayar wa masu inshora, har kuɗin inshorar wasu ya tashi. Kamfanin ya ce ya daina. Mu a nan mutuwar layin ta zama mana rufin asiri ta wannan fuskar.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne bayanan da ke kwance cikin allon motar. Ka buɗe jerin wayoyin da aka taɓa haɗawa a tokumbo, za ka tarar da sunayen mutanen da ba ka sani ba, wani lokaci har da adireshin gidan mai ita na farko. Kai ma haka za ka bar wa na bayanka lambobin iyalinka in ba ka goge ba. Kafin ka miƙa wa dillali makulli, ka shiga saitin allon ka mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta.

Ni tsoron sata ne ya dame ni. Me zan biya wa kuɗi?

Tiraka ta gida, wato na'urar da ke nuna inda mota take, mai sim na Najeriya. Ita ma da kuɗinta, ko na shekara ga kamfanin da ya sa, ko kati da data da za ka riƙa sa wa layin, amma aƙalla tana aiki a inda kake. Inda mutane ke faɗawa shi ne mantuwa: a sa tiraka, a yi shekara ba a waiwayi layin ba, kamfanin sadarwa ya rufe shi, sai ranar da aka ɗauke motar a bakin kasuwar Sabon Gari a buɗe manhaja a ga wurin da ta nuna na ƙarshe na watannin baya ne. Layin ya kasance da sunanka da NIN ɗinka, ba na yaron shagon da ya ɗaura ba, ka kuma riƙa buɗe manhajar lokaci-lokaci ka ga tana nuna inda motar take yanzu.

Sabuwa dal zan saya daga wakilin kamfani a Najeriya. Me zan tambaya?

A nan akwai yiwuwar abin ya yi aiki, don haka tambayar ta fi nauyi. Ka nemi a rubuta maka waɗanne hidimomi ne ke aiki a Najeriya, ba waɗanda ke cikin littafin motar ba, don littafin na ƙasashe da yawa ne. Ka ji ranar da kyautar za ta ƙare, da abin da za a biya bayanta, da naira ne ko da dala. In manhajar ta nemi lambar katinka tun lokacin kyauta, to ka san da wa'adin ya cika za ta fara cira da kanta, sai ka nemi inda ake kashe sabuntawar tun ranar. Ka kuma tambaya ko hidimar na bin motar in ka sayar, domin wasu kamfanonin, irin su Hyundai da Bluelink+ a Amurka, mai saye na farko kaɗai suke bai wa kyautar dindindin, na biyu sai ya biya.