Lokaci Har Zuwa Milisakan a Rumbun Bayanai: Tambayoyi da Amsoshi

Masu rubuta manhajar ciniki a Katsina, musamman ta masu POS a Babbar Kasuwa, sukan ci karo da wannan matsala: ciniki biyu sun shiga cikin sakan guda, an rasa wanda ya riga. Milisakan kashi ɗaya ne cikin 1,000 na sakan.

Me ya sa rumbun bayanai na MySQL ke tsayawa a sakan?

Haka DATETIME, wato nau'in gurbin da ke ajiye kwanan wata da lokaci, yake idan ba ka faɗa masa adadin lambobin da kake so bayan sakan ba. Tun daga fitowar MySQL 5.6.4 yana ɗaukar har lambobi 6 bayan ɗigo. Milisakan na buƙatar 3, don haka sai ka rubuta NOW(3), umarnin da ke ba da lokacin yanzu.

Na sa NOW(3), amma ban ga canji a tebur ba.

Nan ne mafi yawa ke tuntuɓe. Laifin na gurbin da ke ajiye lokacin ne. Muddin yana nan a DATETIME zalla, ba zai riƙe komai bayan ɗigo ba, kuma cikewa yake yi: 10:15:30.700 sai ya koma 10:15:31. Ka ga ciniki ya tsallaka cikin sakan da ba nasa ba! Mayar da gurbin DATETIME(3). Tsofaffin bayanai kuwa .000 za su nuna, abin da aka zubar ba ya dawowa.

Rumbun PostgreSQL fa?

Shi dama yana ajiye lambobi 6. Sai dai now() lokacin da aka fara transaction (rukunin umarnin da ake aiwatarwa a dunƙule) yake bayarwa, ko sau nawa ka kira shi a ciki. In ainihin lokacin kake so, kira clock_timestamp().

Rumbunan SQL Server da SQLite fa?

Tsohon DATETIME na SQL Server yana karkata zuwa .000, .003 ko .007, ka koma DATETIME2(3) da SYSDATETIME(). A SQLite, %f a cikin umarnin strftime ke fito da milisakan.

To milisakan ya isa a gane wanda ya riga?

Bai isa ba, kuma ina roƙon a kula da wannan, domin kuɗin mutane ne. Ciniki biyu na iya faɗawa cikin milisakan guda, agogon wayar wani kuma yana gaba da na wani. Bar rumbun ya buga lokacin da kansa, ka haɗa da lamba mai ƙaruwa ga kowane layi. Ajiye lokacin a UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ka ƙara awa 1 lokacin nuna shi da agogon Najeriya.