Shin bishiyoyi suna tare ƙarar jirgin sama?

An daɗe ana faɗa a unguwannin da ke kusa da filayen jirgin sama cewa idan aka dasa bishiyoyi ko aka ja doguwar katanga, ƙarar jirage za ta ragu. Masu wannan tunani suna da hujja, domin katanga kan rage hayaniyar motoci a bakin titi.

Sai dai shinge yana aiki ne idan ya shiga tsakanin kunne da inda sautin ke fitowa. Jirgin da ya tashi yana bisa kai, ƙararsa tana saukowa ta rufin ɗaki da tagogi, ba ta bin ta jikin katanga. Amfanin katanga ya tsaya ga lokacin da jirgi ke ƙasa, kamar sa'ad da ake gwada injinsa. Bishiyoyi masu 'ya'ya kuwa sukan tara tsuntsaye, abin da ke da haɗari ga jirage.

Babban magani shi ne nisa: duk lokacin da tazara ta ninka, ƙara kan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Shi ya sa ake tsara hanyar tashi da sauka nesa da gidaje, a taƙaita tashin dare, a hana gina makarantu da asibitoci a ƙarƙashin hanyar tun shekaru kafin gari ya iso wurin. A ganina a kan wannan ne ya kamata jama'a su matsa lamba.

Ku gwada da kanku: ku sauke manhajar auna sauti a waya, ku auna ƙarƙashin bishiya da kuma a fili yayin da jirgi ke wucewa. Idan za a faɗaɗa filin jirgi, ku nemi rahoton nazarin muhalli ku duba taswirar da ke nuna wuraren da ƙarar za ta shafa.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa mazauna irin waɗannan unguwanni.