Mota ta sha kwana ta kaɗe mai keke: laifin wa?

Mai keke yana tafiyarsa miƙe a titin Bauchi da ke Jos, mota ta wuce shi, nan take ta karya dama ta buge shi. Wa ke da laifi?

Galibi direban ne. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, gefen dama na titi shi ne wurin mai keke. Wanda zai bar hanyarsa ya shiga wata, shi ne zai duba madubi, ya kunna sigina da wuri, ya jira mai tafiya miƙe ya wuce. Kunna sigina kaɗai ba ya ba direba hanya. Haka ma wanda ya taho daga gaba zai ratsa hagu. Abin da ke ɓata mini rai a Jos shi ne, da zarar jama'a sun taru, sai ka ji wani yana cewa "me ya hau da keke kan titi?" Ɗalibin da ya nufi jami'a a kan kekensa yana da haƙƙin titin nan daidai da mai jif.

Ke nan mai keke ba ya laifi?

Yana yi. Bin hannun da ba nasa ba, tafiyar dare babu fitila, ko kutsawa gefen motar da ta riga ta fara shan kwana. Kotu tana iya raba laifin, ta rage masa diyya gwargwadon sakacinsa.

Me ya sa aka fi jin tsoron tifa da tirela?

Direbansu yana zaune can sama ta hagu, kuma akwai wuri a gefen damansa, ƙasan ƙofa, da madubi ba ya nuna masa sosai. Sannan doguwar mota kan fara buɗewa hagu kafin ta karya dama. Mai keke sai ya ga fili ya shige, alhali tayoyin baya ta nan za su bi, domin suna yanke kwana fiye da na gaba. A wuri irin Farin Gada, inda manyan motoci ke shiga da fita da kayan gwari, ka tsaya a bayansu kawai har su gama juyawa. In ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

In abin ya riga ya faru fa?

Asibiti tukuna. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, lambar hukumar kiyaye haɗurra kuwa 122 ce. A rubuta lambar motar, a ɗauki hoton inda ta tsaya kafin a matsar da ita, a nemi shaidu, a sanar da 'yan sanda. Inshorar dole da mai motar gida ke biya naira 15,000 tun 2023, an yi ta ne domin wanda aka buge. Sulhu alheri ne, amma kada a karɓi kuɗin gyaran keke a ce an yafe kafin likita ya duba, domin buguwar kai takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana.