Maki biyu a Abu Dabi: yadda dokar Formula 1 ke fitar da zakara

Ranar 7 ga Disamba, 2025, Max Verstappen ne ya fara tsallake layin ƙarshe a Abu Dabi. Nasararsa ta takwas ke nan a kakar, kuma babu direban da ya kai shi yawan cin tsere a shekarar. Duk da haka kambun duniya bai koma hannunsa ba. Lando Norris na McLaren, wanda ya shigo na uku a daren, mai nasara bakwai, shi aka naɗa. Wanda bai saba da tseren ba zai ɗauka an yi wa Verstappen ƙwace. Babu wanda aka cuta. Haka littafin dokokin FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci ta duniya, ya tanada, kuma wanda ya fahimci shafuka kaɗan daga cikinsa zai ji daɗin ƙarshen kaka fiye da wanda ke bin gudun motoci kawai.

Tushen komai shi ne rabon maki. Tun 2010, mutum goma na farko ne ke samun rabo a kowane babban tsere: na ɗaya 25, na biyu 18, na uku 15, na huɗu 12, sai 10, 8, 6, 4, 2, na goma ya tashi da 1. A wasu ƙarshen mako, shida a shekara, akan ƙara gajeren tsere na kimanin kilomita 100 ranar Asabar, inda takwas na farko ke raba maki daga 8 zuwa 1. A ƙarshen kaka sai a tara duka, wanda ya fi yawa shi ne zakara. Ba a tambayar wa ya fi burge 'yan kallo.

Norris ya shiga tseren ƙarshe da maki 408, Verstappen da 396, Oscar Piastri, abokin Norris a McLaren, da 392. Ɗauki alƙalami ka lissafa. In Verstappen ya ci, ya kai 421. In Norris ya zo na uku, 408 da 15 sun ba shi 423. In kuwa ya zame zuwa na huɗu, 420 zai samu, kambu ya kuɓuce da maki guda. Shi ya sa a daren Norris bai damu da kamo na gabansa ba, hankalinsa duk yana kan kada na bayansa ya wuce shi. Ya riƙe gurbinsa, aka tashi 423 da 421.

Ni ina tare da wannan tsarin, ko da yake na san masu sukarsa suna da hujja. Tazarar maki bakwai tsakanin na ɗaya da na biyu ta isa ta sa mutum ya yi kasada don ya ci, amma ba ta kai ta wanke wa direba laifin watsar da mota a bango sau uku ko huɗu ba. Kaka mai tsere 24 gwaji ne na juriya. Wanda ya dawo da motarsa gida da maki a ranar da ba ta da lafiya, aikin da ya yi bai gaza na wanda ya ci ranar da komai ya tafi daidai ba.

To yawan nasara fa, ba shi da amfani? Yana da shi, amma sai an yi kunnen doki. In direbobi biyu suka gama da maki ɗaya, sai a duba wa ya fi cin tsere. In nan ma sun yi daidai, a ƙirga wa ya fi zuwa na biyu, sannan na uku, har a samu bambanci. Wannan sakin layin ya kusa zama alƙali a 2021, lokacin da Verstappen da Lewis Hamilton suka isa Abu Dabi kowa da maki 369.5. Verstappen yana da nasara tara, Hamilton takwas. Ma'ana, da motocin biyu sun yi karo sun fita tare, Verstappen ne zakara. Saboda haka tun kafin a tashi aka tunatar da kowa cewa alƙalai na da ikon zaftare maki ko korar direba daga gasar baki ɗaya in ya yi karo da gangan. Ba barazanar baki ba ce: a 1997 an goge sunan Michael Schumacher daga teburin kakar gaba ɗaya bayan ya afka wa Jacques Villeneuve a Jerez ta ƙasar Sifaniya. Abin da ya faru a zagayen ƙarshe na 2021, da yadda aka janye motar tsaro, wadda ke shiga gaban motoci ta rage musu gudu in akwai haɗari, wani babi ne mai zaman kansa. Hukumar da kanta ta amsa cewa an yi kuskure irin na ɗan Adam, kuma shugaban tseren na lokacin, Michael Masi, ya rasa kujerarsa.

Wataƙila ka lura da rabin makin nan, 369.5. Daga ina ya fito? Daga Beljiyam, a watan Agustan shekarar. Ruwan sama ya hana tsere, motoci suka ɗan zagaya a bayan motar tsaro, babu wanda ya wuce wani, aka tashi, aka raba rabin maki. Mutanen da suka wuni cikin ruwa da sanyi sun koma gida ba su ga komai ba, kuma sun yi gaskiya da suka fusata. Rabin maki ba ƙaramin abu ba ne a wannan wasa. A 1984 Niki Lauda ya doke Alain Prost da 72 da 71.5, saboda an tsayar da tseren Monako da wuri don ruwa, Prost ya ci amma rabin lada ya karɓa.

Bayan abin da ya faru a Beljiyam sai aka sake rubuta dokar. Yanzu ba a ba da maki ko ɗaya sai an yi aƙalla zagaye biyu na tsere na gaskiya, babu motar tsaro a gaba. Daga nan sai a bi mataki-mataki: in ba a kai kashi 25 cikin ɗari na tafiyar ba, mutum biyar ne ke samu, na ɗaya ya ɗauki 6, in an wuce nan amma ba a kai rabi ba, 13, tsakanin rabi da kashi 75, 19, sama da haka cikakken rabo. Sai dai masu rubutun sun bar ƙofa a buɗe ba su sani ba. Sun ce matakan suna aiki ne in an dakatar da tsere kuma ba a iya ci gaba ba. A Japan a 2022 an dakatar, an dawo, lokaci ya ƙare a zagaye na 28 cikin 53. Tunda an ci gaba har aka ɗaga tutar ƙarshen tsere, sai doka ta ce cikakken maki. Verstappen ya zama zakara a ranar, shi kansa yana tambayar ko da gaske ne. Shekara mai zuwa aka toshe ƙofar. Kalma ɗaya a takarda ta yanke ranar da za a naɗa zakaran duniya.

Akwai kuma abin da aka cire. Daga 2019 zuwa 2024 akan ba da maki guda ga wanda ya yi zagaye mafi sauri, muddin ya gama cikin goma na farko. A Singafo a 2024, Daniel Ricciardo, wanda ke can baya a motar wata ƙungiya ta biyu mallakar Red Bull, kamfanin da Verstappen ke tuƙa wa, ya tsaya ya sa sababbin tayoyi dab da ƙarshe, ya ƙwace zagayen daga hannun Norris. Shi bai samu makin ba, amma ya hana abokin hamayyar Verstappen samu. Daga 2025 aka soke makin. Haka ma ninka maki a tseren ƙarshe, wanda aka gwada sau ɗaya a 2014 aka watsar. Dukansu an kyauta da aka kawar da su.

Yanzu mu leƙa ƙarƙashin mota, don a nan ne kakar 2025 ta kusa kifewa. Kowace mota tana ɗauke da wani dogon falanki a cikinta ta ƙasa, daga gaba zuwa baya. An shigo da shi a 1994, bayan rasuwar Ayrton Senna a Imola ta ƙasar Italiya. Dalilinsa shi ne, iya kusancin mota da kwalta, iya yadda iskar da ke bi ta ƙarƙashinta ke manna ta da ƙasa, sai ta ƙara gudu a kwana. Amma in ta yi ƙasa da yawa, cikinta ya bugi titi, sai riƙon ya ɓace nan take, direba ya rasa iko. Falankin shi ne ma'auni. Kaurinsa milimita 10, kuma a kakar 2025 doka ta yarda ya cinye milimita ɗaya tak. Tartsatsin da kake gani yana tashi a bayan motoci da dare, ƙarafunan da ke jikinsa ne ke gogar kwalta. Bayan tsere sai jami'ai su ɗaga motar da suka zaɓa, su sa ma'auni a wuraren da aka ƙayyade. In ya gaza milimita 9, magana ta ƙare.

A Las Vegas, a watan Nuwamba, Norris ya gama na biyu, Piastri na huɗu. An yi murna, an yi hira da 'yan jarida. Sa'o'i kaɗan bayan haka aka sanar cewa falankin motocin biyu ya cinye fiye da ƙa'ida, an soke sakamakonsu. Abin da ya gaza bai kai kaurin farce ba. Alƙalai sun yarda ba da gangan aka yi ba, amma a dokokin ƙirar mota ba a duba niyya, kuma ba a duba ko kuskuren ya ƙara maka gudu. Norris ya yi asarar maki 18 a zaune, tazararsa da Verstappen ta faɗo daga 42 zuwa 24. Verstappen, wanda a ƙarshen Agusta yake bayan jagora da maki 104, ya dawo cikin lissafi. Hukuncin yana da ciwo, amma ban ga wata hanya ba. Ranar da aka fara sassauta wa wanda ya gaza da kaɗan, kowace ƙungiya za ta fara gazawa da kaɗan.

Kan batun ƙungiya ta umarci direbanta ya ba abokinsa hanya, a taƙaice halal ne. An haramta shi bayan abin da Ferrari ta yi a Ostiriya a 2002, aka ga ba a iya kama masu yi, aka ɗage haramcin daga 2011.

Duk wannan fafatawar tana da farashin da ba a gani a allo, kuma a nan ne take haɗuwa da sauye-sauyen 2026. Tun 2021 akwai iyaka kan kuɗin da ƙungiya za ta kashe a shekara, akwai kuma iyaka kan lokacin da za ta yi tana gwada siffar mota a ɗakin iska. Rabon ma a juye yake: wadda ke kan gaba kashi 70 cikin ɗari na ma'aunin take samu, ta goma 115. Don haka duk sa'ar da aka kashe ana gyara motar bana don a ci kambu, an cire ta ne daga motar baɗi. Tarihi ya nuna illar. McLaren da Ferrari sun yi ta gwabzawa har kwanar ƙarshe ta Birazil a 2008, inda Hamilton na McLaren ya wuce Timo Glock ya ci kambu da maki ɗaya alhali iyalan abokin hamayyarsa Felipe Massa sun riga sun fara rungumar juna a garejin Ferrari. Da aka canza dokoki a 2009, ƙungiyar Brawn, wadda aka daɗe ana gina motarta ba tare da wannan matsin ba, ta ba Jenson Button nasara shida a tsere bakwai na farko.

Canjin 2026 ya fi na 2009 girma, domin inji da gangar jiki aka taɓa lokaci guda. Ƙarfin lantarki ya tashi daga kilowat 120 zuwa 350, kusan rabin ƙarfin motar ke nan. An cire na'urar da ke tara lantarki daga zafin hayaƙi, mai tsada da wuyar sha'ani, wanda hakan ya sauƙaƙa wa sababbin kamfanoni shigowa. Man da za a sha ba daga sabon ɗanyen mai za a samo shi ba. Motar ta rage faɗi daga milimita 2,000 zuwa 1,900, tsakanin tayoyin gaba da na baya ya ragu daga 3,600 zuwa 3,400, nauyi mafi ƙaranci ya sauka zuwa kilo 768. Audi ta karɓi Sauber, Cadillac ta shigo a matsayin ƙungiya ta 11, Red Bull na ƙera injinta tare da Ford, Honda ta koma wajen Aston Martin. Motoci sun zama 22, amma masu cin maki suna nan goma.

Abin da zai fi shafar tseren yanke hukunci shi ne yadda ake wuce mota. Tun 2011, wanda ke bin wani da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba yakan buɗe fiffiken baya a miƙaƙƙen titi, ya rage jan iska, ya wuce. An yi ban kwana da wannan. A sabon tsari kowa, na gaba da na baya, zai kwantar da fukafukan gaba da na baya a wuraren da aka ware, ya mayar da su kafin kwana. Gatan da ya rage wa mai bi shi ne ƙarin lantarki in ya shigo cikin daƙiƙar nan. Batir kuwa ba rijiya ba ce, abin da ka ɗiba a wannan miƙen sai ka biya shi da birki ko sassauta ƙafa a wani wuri. Direban da ke kare gurbi na uku a zagayen ƙarshe na kaka, kamar yadda Norris ya yi, zai riƙa duba madubi da ido ɗaya, ɗayan kuma yana kan abin da ya saura a batirinsa.