Abincin Kan Titi da Gidajen Cin Abinci a Koriya ta Kudu

Abincin kan titi a Koriya ta Kudu ya ƙunshi dafe-dafe da soye-soye da kayan ƙwalama da ake sayarwa a rumfunan kasuwa, da kurar turawa, da ƙananan tantunan bakin hanya da ake kira pojangmacha. Akasari a tsaye ake cinsa, nan gaban mai sayarwa, kuma kuɗinsa bai kai na gidan abinci ba. A yau yana cikin abubuwan da ke jan baƙi zuwa Seoul da Busan da Jeonju, har wasu na ɗaukarsa tsohon gado ne na sarakunan ƙasar. Gaskiyar magana, mafi yawan abin da ake gani a tituna ya samu siffarsa ta yanzu ne a ƙarni na 20, cikin yunwa da ƙarancin shinkafa.

Asali

Kasuwanni kam sun tsufa. Ta Namdaemun a Seoul tana komawa zuwa 1414, farkon daular Joseon, ita kuwa Gwangjang an kafa ta a 1905. Barkono, wanda yanzu ya zama tambarin girkin Koriya, baƙo ne. Bai shigo ƙasar ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16. Fatake Sinawa da suka zauna a ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19 su suka zo da hotteok, wata waina mai sukari a ciki. Zamanin mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945, ya bar sarrafaffen kifi da ake jerawa a tsinke, da kuma wainar nan mai siffar kifi, bungeoppang, wadda aka kwaikwaya daga taiyaki na Japanawa.

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ne ya sauya komai. 'Yan gudun hijira suka cika Busan, wanda ya zama hedikwatar gwamnati ta wucin gadi, kuma mata da yawa da yaƙi ya raba da mazajensu ba su da jari sai tukunya da murhu. Bayan yaƙin, garin alkama na agaji daga Amurka ya yi ta shigowa a farashi mai sauƙi, alhali shinkafar gida ba ta isar jama'a. Mutanen arewacin Koriya da suka saba da taliyar sanyi ta naengmyeon suka rasa hatsin da ake yinta da shi, sai suka koma wa fulawa. Daga nan milmyeon ta Busan ta samo asali. A 1963 kamfanin Samyang ya fitar da taliyar leda ta farko a ƙasar, ramyeon.

Gwamnatin Park Chung-hee ba ta tsaya ga roƙon jama'a ba. Ta yi kamfe na cin fulawa da gauraya shinkafa da sha'ir, malamai na duba kwanon abincin ɗalibai a aji don ganin ko an gauraya, kuma daga 1969 aka hana gidajen abinci sayar da shinkafa da rana a ranakun Laraba da Asabar. Sai a 1977, da ƙasar ta wadata kanta da shinkafa, aka sassauta. A waɗannan shekaru ne ƙananan shagunan bunsik, masu sayar da abincin fulawa mai arha, suka yaɗu a ƙofar makarantu da tashoshi. Har gobe masu cin tteokbokki, curin da ake dafawa a miyar barkono, sun rabu gida biyu, masu son na garin shinkafa da masu son na alkama, kuma na alkamar ragowar wancan zamani ne.

Abin da ake samu a rumfa

Tteokbokki shi ne sarkin rumfa. Curi ne na kirɓaɓɓiyar shinkafa, dogo kamar yatsa, mai danƙo, ana dafa shi a faffaɗan kaskon ƙarfe cikin jar miyar gochujang, wato haɗin barkono da garin shinkafa da waken soya da aka bari ya yi tsami. Miyar na da yaji da zaƙi a lokaci guda, kuma zaƙin kan ba baƙo mamaki fiye da yajin. A fadar Joseon akwai irinsa, da nama da ruwan waken soya ba barkono. Na barkonon ana danganta shi da wata mata mai suna Ma Bok-rim, wadda ta fara sayar da shi a unguwar Sindang-dong ta Seoul a 1953, unguwar da yanzu take da layi guda na shagunansa.

Da wuya a ga kaskon tteokbokki shi kaɗai. A gefensa akwai tukunyar romo mai tururi, an tsoma dogayen tsinkaye a ciki, kowanne da lanƙwasasshen eomuk, wato niƙaƙƙen kifi da aka haɗa da gari aka soya. Mai saye kan zari tsinke da kansa, ya shafa ruwan soya, ya ɗebi romo a kofin takarda. Romon kyauta ne, a sha a ƙara. Idan ya gama sai a ƙirga tsinkayen da ke gabansa ya biya. Akwai kuma twigim, soyayyen dankali ko jatan lande ko ɗaurin taliya da aka tsoma a ƙullu, wanda 'yan gari ke dangwalawa a miyar tteokbokki. Na huɗunsu sundae ne, hanjin alade da aka cusa wa siririyar taliya da jini aka turara, ana yanka shi tare da hanta da huhu.

Gimbap shinkafa ce da aka ɗiga wa man riɗi, aka naɗe a busasshiyar ciyawar teku tare da ƙwai da karas da alayyahu da rawayan radish mai tsami, aka yayyanka. Shi ne guzurin matafiya da 'yan makaranta. Bindaetteok kuwa ɗan uwan ƙosai ne, sai dai faffaɗa ne kamar faranti: ana jiƙa wani ƙaramin koren wake, a niƙa a dutse, a zuba tsiron wake da kimchi, wato kabeji mai yaji da aka bari ya yi tsami, a soya a mai da yawa har gefensa ya yi ƙaras-ƙaras.

Sanyin Koriya ba na wasa ba ne, daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa kan daskare, kuma a lokacin ne kayan zaƙi ke kasuwa. Mai hotteok takan gutsuri ƙullu mai yisti, ta cusa masa jan sukari da kirfa da gyaɗa, ta ɗora a kasko mai mai, ta danne da wani faifan ƙarfe mai mariƙi har ya baje. Takan lanƙwasa shi ta saka a kofin takarda. Sukarin ciki ya narke kamar zuma, kuma wanda ya yi gaggawar gatsa zai ƙona leɓe. A dandalin BIFF da ke Busan akan tsaga shi da almakashi a cika shi da 'ya'yan kabewa da na furen rana. Bungeoppang ba kifi a cikinsa ko kaɗan, jan wake ne mai zaƙi. Ana kuma gasa dankali da wasu 'ya'yan itace masu ƙwarya da ake kira bam a ganga, ga gyeranppang, ɗan burodi mai ƙwai sukutum a kai.

Beondegi, dafaffiyar tsutsar siliki da ake sayarwa a kofi, tun daga nesa ake jin warinta. Tsofaffi sun fi matasa sonta.

Kasuwanni da tantunan dare

A Gwangjang, layukan abinci suna tsakiyar kasuwar yadi, masu ci na zaune a dogon benci kafaɗa da kafaɗa. An san ta da bindaetteok da ƙananan gimbap da yukhoe, ɗanyen naman sa da aka haɗa da man riɗi da gwaiduwar ƙwai. Namdaemun na da lungun masu taliyar hannu, kalguksu. A kasuwar Tongin baƙo kan sayi kwabban tagulla irin na da, ya zagaya da faranti yana biyan kowace rumfa da su. Unguwar Myeongdong ta Seoul, inda ake kafa rumfuna da la'asar, ta fi karkata ga 'yan yawon buɗe ido: abincin ya fi ƙyalli, ya fi tsada, kuma ba lallai ya fi daɗi ba.

Kasuwannin kifi suna da nasu tsari. A Noryangjin ta Seoul da Jagalchi ta Busan, mutum zai zaɓi kifi ko ƙaguwa da rai a ƙasa, a kai masa gidan abinci a saman bene, a dafa ko a yanka ɗanye. Kuɗin kifi daban, na zama da na girki daban, kuma wanda bai tambaya tun farko ba yakan ga lissafi ya zarce tsammaninsa.

Pojangmacha tanti ne na jar tamfol ko ruwan lemo, da kujerun roba da fitila, inda ma'aikata ke yada zango bayan tashi daga aiki. Rabinsa wurin abinci ne, rabi mashaya, domin soju, barasar ƙasar, ita ce jigon cinikin. Hukumomi sun kwashe da yawa gabanin wasannin Asiya na 1986 da Olamfik na 1988, suna ganin suna ɓata fuskar birni. Kaɗan suka rage, kamar na unguwar Jongno 3-ga a Seoul.

A gidan abinci

An gina teburin Koriya a kan tarayya. Da an zauna za a jera banchan, ƙananan kwanonin kimchi da ganyaye da ƙananan kifi, ba a biyansu kuma ana ƙarawa idan an nema. Kimchi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu: a 2013 UNESCO ta sanya kimjang, aikin gayya na haɗa kimchin hunturu, cikin al'adun duniya da ake adanawa, a 2024 kuma ta ƙara da sana'ar haɗa jang, dangin miyar soya. Jeonju, garin da ya yi suna da bibimbap, wato shinkafa da ake gaurayawa da ganyaye, ya samu lambar birnin girki daga hukumar a 2012.

Baƙo kan rasa cokali a kan tebur. Yana cikin aljihun tebur ta gefe, tare da tsinkayen cin abinci na ƙarfe. Ruwan sha kyauta ne, sau da yawa mutum ke ɗebo wa kansa. Ma'aikaci ba ya zagayowa yana tambaya, sai an danna ƙararrawar da ke jikin tebur ko a ɗaga murya a ce jeogiyo. A ƙananan wurare akan kira mai abincin imo, wato inna. Ana biya a kanta ta bakin ƙofa lokacin fita, kuma ba a ba da tukuici.

A gidajen gashi, murhun gawayi ko na gas yana tsakiyar tebur, masu ci ke juya namansu, su yanka da almakashi, su naɗe a ganyen latas da tafarnuwa. Yawancinsu ba sa sayar da ƙasa da rabon mutum biyu, abin da ke ba matafiyi shi kaɗai wahala, ko da yake wuraren cin mutum ɗaya sun ƙaru. Inda ake zama a ƙasa, takalmi na tsayawa a ƙofa. Babba ke fara ɗaukar cokali, ana miƙa masa abu da hannu biyu, kuma ba a kafa tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, domin a hidimar tunawa da matattu ake yin haka.

Matafiyi Musulmi

Naman alade ya ratsa girkin ƙasar, kuma wanda ake gani ba shi ne matsala ba. Samgyeopsal, gasasshen naman cikin alade, da sundae a fili suke. Na ɓoye shi ne ɗan jan yanki a tsakiyar gimbap, da cikin mandu, ƙullun fulawa da ake cusa wa nama, da kitsen da wasu ke soya bindaetteok da shi, da romon ƙashi a ƙarƙashin miyar da ba a ga nama a cikinta ba. Wasu kamfanoni na zuba barasa kaɗan a gochujang don kada ya lalace, masu girki kuma kan yi amfani da giyar girki wajen jiƙa nama. A rumfa ɗaya, wuƙar da ta yanka sundae na iya yanka wani abu. Cewa a cire nama ba ya wadatarwa. Gara a ambaci dwaejigogi, sunan naman alade, a kuma tambayi romon.

Babban masallacin Seoul, wanda aka buɗe a 1976 a Itaewon, gidajen abincin halal ne kewaye da shi, har da masu girkin Koriya irin bulgogi, gasasshen naman sa, da samgyetang, kazar da ake cusa wa shinkafa da saiwar ginseng. Tarayyar Musulmin Koriya ce ke ba da shaidar halal. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kasa gidajen abinci kashi huɗu: masu takardar shaida, waɗanda mai su Musulmi ne ya tabbatar da kansa, masu wasu nau'o'in halal amma suna iya sayar da giya, da waɗanda kawai ba sa girka alade. Kashi na ƙarshe bai ce komai a kan yanka ba.

A wajen Seoul zaɓi ya ragu, sai a koma ga teku. Mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin ƙasar Hausa ke bi, ta halatta dabbobin ruwa, kuma Koriya teku ya kewaye ta ta ɓangare uku. Akwai kuma girkin gidajen ibadar Buddha, wanda babu nama ko kifi a cikinsa, ba kuma tafarnuwa.

Doka da farashi

Shekara da shekaru masu rumfunan titi suna sana'a ba lasisi, tsakaninsu da hukuma sai kora da dawowa. Daga 2019 birnin Seoul ya fara ba su izini bisa sharuɗɗan girman rumfa da faɗin hanyar masu tafiya. Ƙorafin tsawwala wa baƙi ya yi yawa a 2023, musamman a Myeongdong da Gwangjang, har aka matsa wa 'yan kasuwa su riƙa rubuta farashi a fili. Kati na aiki kusan ko'ina a ƙasar, amma rumfuna da dama sun fi son tsabar won, kuɗin ƙasar. Kwandon shara ya yi ƙaranci a tituna tun da aka fara biyan kuɗin shara bisa yawanta a 1995, shi ya sa ake mayar wa mai rumfa tsinke da kofi kafin a wuce.